Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Mayar da Windows Ɗinka Zuwa Ƙaramin Nau'i

Da yawa daga kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun mutane a Bakori da Funtuwa da Malumfashi na hannu ne. An yi shekaru ana aiki da su a ofisoshin Turai ko Amurka, suka sauka a Legas, suka biyo ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja ko kasuwar Farm Centre ta Kano, kafin su iso gare mu. Idan irin wannan kwamfuta ta fara nauyi, ko wani rubutu ya fito a kusurwar allo yana neman lasisi, shawarar da aka fi ba mai ita ita ce: "Kai ta a yi mata fomatin, a sa mata ƙaramin Windows."

Wani lokaci shawarar daidai ce. Wani lokaci kuma gyaran gangar Abzinawa ne: a goge maka ayyukanka, ka biya kuɗi, kwamfutar ta dawo da nauyinta. Abin da ke raba biyun shi ne ka san dalilin da ya sa kake son sauyin tun kafin ka miƙa ta ga mai gyara.

Mece ce babbar manhaja?

Manhaja ita ce umarnin da aka rubuta wa kwamfuta domin ta yi wani aiki. Word manhaja ce ta rubutu, Excel ta lissafi, Chrome ta shiga intanet. Dukkansu suna zaune ne a kan wata manhaja guda, wadda ita ke tashi da zarar ka kunna kwamfuta, ta haɗa allo da madannai da firinta da batir su yi aiki tare. Ita ake kira babbar manhaja. Wadda aka fi sani a wajenmu ita ce Windows ta kamfanin Microsoft na Amurka. A yawancin wayoyi kuwa, Android ce ke wannan aiki.

Akwai abu biyu da mutane ke yawan cakuɗawa. Na farko zubi ne, wato lambar da ke nuna zamanin da aka yi Windows ɗin: Windows 7 ta fito a 2009, Windows 10 a 2015, Windows 11 a 2021. Na biyu nau'i ne. A cikin zubi ɗaya akwai Home don amfanin gida, Pro don 'yan kasuwa da ƙananan ofisoshi, Enterprise don manyan kamfanoni, da Education don makarantu. Idan wani ya ce maka "ƙaramin Windows", ka tambaye shi: tsohon zubi yake nufi, ko nau'in Home, ko wani abu dabam? Amsoshin uku ba ɗaya ba ne.

Mene ne bambancin Home da Pro?

A ido ba za ka ga bambanci ba. Word da Excel da CorelDRAW da WhatsApp na kwamfuta duk suna aiki a kan kowannensu. Abin da Pro ta ƙara kayan ofis ne. Akwai BitLocker, wanda ke kulle duk abin da ke cikin kwamfuta ta yadda ko ɓarawo ya ciro ma'ajiyarta ba zai iya karantawa ba. Akwai Remote Desktop, wanda ke ba ka damar shiga kwamfutarka daga wata kwamfuta a wani gari. Akwai kuma hanyar jona kwamfuta da tsarin ma'aikata, yadda jami'i guda zai riƙa kula da kwamfutoci ɗari daga kujerarsa.

Ɗalibi da malamin makaranta da mai shagon taki, mafi yawansu ba za su taɓa buɗe ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Home ta ishe su.

Idan na koma Home, kwamfutata za ta ƙara sauri?

A'a. Wannan ne kuskuren da ya fi jawo wa mutane asarar lokaci da kuɗi. Home da Pro kamar babur iri ɗaya ne, inji ɗaya, sai dai ɗayan an ƙara masa akwatin kayan gyara a ƙarƙashin kujera. Cire akwatin ba ya ƙara gudu. Kayan da Pro ta ƙara, yawancinsu a kwance suke, ba sa cin ƙarfin kwamfuta sai an kunna su.

Wataƙila ka ce ai ka ga wanda aka mayar da tasa Home, kuma ta yi sauƙi. Gaskiya ne, amma gogewar ce ta yi aikin. An share tarkacen manhajojin da suka taru shekara da shekaru. Da Pro ɗin aka sake sakawa, da sauƙin ɗaya ne.

Abin da ke sa kwamfuta nauyi galibi uku ne. Na farko ƙarancin ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a wannan lokacin. Ram mai gigabait 4 yana cika da wuri idan ka buɗe shafukan intanet da yawa. Na biyu tsohuwar ma'ajiya mai faifai mai juyawa, wadda ake kira HDD. Sabuwar ma'ajiya, SSD, ba ta da abin da ke juyawa, kuma ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. Na uku zafi. Ƙurar hunturu tana toshe fankar ciki, bazara ta zo da zafinta, sai kwamfutar ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone.

Kana iya dubawa da kanka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare. Wani akwati zai buɗe mai suna Task Manager. Shiga Performance. Idan ka ga Memory ya kusa cika, ram ne matsalarka. Idan ka ga Disk ya tsaya a kashi 100 cikin 100 alhali ba ka yin komai, kuma an rubuta HDD a jikinsa, to ma'ajiyar ce. Sauya nau'in Windows ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu.

To yaushe ne sauyin yake da amfani?

Babban dalili shi ne lasisi, wato izinin da Microsoft ke bayarwa na amfani da Windows. Tun daga zamanin Windows 8, kamfanonin da ke ƙera kwamfuta suna dasa lambar lasisin a cikin babban allon da ke cikin kwamfutar. Lasisin nau'i ɗaya yake buɗewa. Idan kwamfutarka ta fito daga masana'anta da lasisin Home, wani ya ɗora mata Pro a kasuwa, lasisin ba zai kama ba. Shi ne za ka ga rubutun "Activate Windows" a kusurwar dama ta ƙasa. Mayar da ita Home zai sa lasisinta na asali ya kama da zarar ta hau intanet, ba tare da ka sayi komai ba.

Dalili na biyu shi ne nau'in Enterprise. Lasisin da kamfanoni da yawa ke amfani da shi yana buƙatar kwamfutar ta riƙa tuntuɓar babbar na'urar kamfanin, aƙalla sau ɗaya cikin kwana 180. Kwamfutar da ta baro ofishi a Ingila ta zo Bakori ba ta da hanyar yin hakan, sai ta fara gargaɗin cewa lasisi ya kusa ƙarewa. A nan ma komawa nau'in da ke dashe a jikinta shi ne gyara na gaskiya.

Ka lura da wannan sosai: kwamfutocin ofis irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, mafi yawansu da lasisin Pro aka sayar da su. Idan taka irin wannan ce, kuma lasisinta na aiki, mayar da ita Home asara ce. Za ka yar da abin da kake da shi halal, ka koma neman lasisin da ba ka da shi.

Ta yaya zan san nau'in da nake da shi?

Danna madannin da ke da tambarin Windows tare da harafin R. A ɗan akwatin da zai fito, rubuta winver, ka danna Enter. Za a nuna maka zubi da nau'i, misali Windows 10 Pro. Domin duba lasisi, shiga Settings ka nemi Activation. Can za ka ga ko lasisin ya kama ko bai kama ba. Ka kuma kifa kwamfutar ka duba ƙarƙashinta. Sau da yawa akwai ƙaramin tambarin Windows a manne, kuma idan da Pro ta zo, akan rubuta Pro a jiki.

Yaya ake yin sauyin?

Hawa daga Home zuwa Pro yana da sauƙi, lambar lasisi kawai ake sakawa. Saukowa daga Enterprise zuwa Pro ma ana yinsa da lamba, ba sai an goge komai ba. Amma daga Pro zuwa Home, Microsoft ba ta tanadi gajeriyar hanya ba. Sai an goge Windows ɗin an sake sakawa daga tushe, abin da masu gyara ke kira fomatin.

Ga yadda aikin yake. Ana sauko da Windows daga shafin Microsoft kansa, a zuba a filash mai aƙalla gigabait 8. Duk abin da ke cikin filash ɗin zai goge, don haka wanda babu komai a ciki ake nema. Sai a tayar da kwamfutar daga filash ɗin. Idan akwai lasisi a jikin allonta, sau da yawa ita da kanta take zaɓar nau'in da ya dace, ba ta ma tambaya. Idan babu, za a nuna jerin nau'o'i a zaɓa.

Daga nan sai wurin da ya fi haɗari. Allo zai nuna ɗakunan ma'ajiyar, an jera su: Drive 0 Partition 1, Partition 2, Partition 3, kowanne da girmansa. Sunayen C da D da ka saba gani ba sa fitowa a nan. Mai gyara zai zaɓi ɗaki ya danna Delete ko Format, kuma aikin ba ya wuce daƙiƙa kaɗan. Idan ya kuskure ya zaɓi ɗakin da ka ajiye hotunan biki da lissafin buhunan masarar da ka saya da kaka, sun tafi ke nan. Saboda haka kada ka yarda da "ai D ba za mu taɓa shi ba" a matsayin kariya. Ka kwashe kayanka tukuna.

Me zan tanada kafin a fara?

Ka kwafe duk takardunka da hotunanka zuwa wata ma'ajiya ta waje ko filash na biyu, sannan ka buɗe wasu daga cikinsu a wata kwamfutar ka tabbatar sun kwafu lafiya. Ka duba Desktop da Documents da Downloads, domin nan mutane suka fi manta abubuwa.

Ka rubuta kalmomin sirrinka a takarda: na imel, na shafin makaranta, na Facebook. Da yawa kwamfutar ce ke tuna musu, sai bayan gogewa su gane ba su haddace ba.

Ka lissafa manhajojin da kake aiki da su, domin dukkansu za su tafi, sai an sake sakawa. Idan ka sayi wata da kuɗi, ka nemo lambar lasisinta.

Idan BitLocker na kunne, ka kashe shi kafin a fara, ko ka rubuta lambar cetonsa mai alƙaluma 48 ka adana.

Ka cika batir. Idan batirin ya mutu, kada a fara aikin da wutar kamfanin lantarki na KEDCO kaɗai, a samu sola ko janareta a gefe, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana sa a koma farko. Ka kuma tanadi data, saboda Windows 11 Home tana neman intanet da asusun Microsoft a lokacin da ake saita ta. Bayan an gama akwai direbobi da za a sauko da su, wato ƙananan manhajojin da ke sa sauti da Wi-Fi da firinta su yi aiki.

Zan iya komawa Windows 10 ko Windows 7?

Idan kwanan nan ka hau Windows 11 daga Windows 10, kana da kwana 10 na komawa baya ta cikin Settings ba tare da asarar takardunka ba. Bayan haka sai fomatin.

Amma ka san halin da tsofaffin zubin ke ciki. Microsoft tana aiko da gyare-gyaren tsaro kowane wata domin toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke ganowa. Ta daina yi wa Windows 7 haka ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 8.1 a Janairu 2023, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025. Ga Windows 10 ta buɗe shirin ƙarin wa'adi ga masu amfanin gida, wanda ta sanar zai kai 13 ga Oktoba 2026, ga wanda ya yi rajista.

Rashin waɗannan gyare-gyare ba wasa ba ne. A watan Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya. Kwamfutocin da ba a sabunta ba ne suka kamu. Idan kana shiga banki ko imel da kwamfutarka, kada ka koma Windows 7.

Me ya sa wasu kwamfutocin ba sa karɓar Windows 11? Tana neman ram gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, wata ƙaramar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwa ta zamani, wato na'urar da ke sarrafa duk aikin kwamfutar. A na'urorin Intel, galibi daga tsara ta 8 zuwa sama. Lambar farko bayan ɗan layi ce ke nuna tsarar (daga tsara ta 10 zuwa sama kuwa, lambobi biyun farko ne): i5-6300U tsara ta 6 ce, i5-8250U tsara ta 8. Wannan ya kamata duk mai shirin sayen ta hannu ya duba kafin ya biya.

Wanda ake kira Windows Lite fa?

A shagunan gyara za ka ji ana tallan "Lite" ko "Super Lite", a ce maka ba ya cin ram. Waɗannan ba Microsoft ce ta fitar da su ba. Wasu mutane ne suka ɗauki Windows suka yanke sassanta suka watsa a intanet. Sau da yawa abin da ake yankewa ya haɗa da manhajar tsaro da hanyar sabuntawa. Kai ba ka san me aka cire ba, ba ka kuma san me aka cusa ba. Haka ma manhajojin da ake fasa lasisi da su: ɓarayi sun daɗe suna ɓoye cuta a cikinsu domin satar kalmomin sirri. Araha ba ta ado. Kwamfutar da kake taɓa kuɗi da ita ba wurin wannan gwaji ba ne.

Akwai wata babbar manhaja mara nauyi ta halal?

Akwai, kuma kyauta ce. Linux babbar manhaja ce da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991, yanzu kuma dubban mutane ke aiki a kanta. Tana da ire-ire. Linux Mint mai fuskar Xfce da Lubuntu an yi su ne da la'akari da kwamfutoci marasa ƙarfi. Linux Mint tana iya tashi da ram gigabait 2, ta fi daɗin aiki da 4. Tana zuwa da LibreOffice, wanda ke buɗe takardun Word da Excel, kuma tana samun gyare-gyaren tsaro. Kana iya gwada ta daga filash ba tare da ka goge komai ba, ka ga ko Wi-Fi da sauti da firintarka suna aiki.

Sai dai CorelDRAW da Photoshop ba a yi su don Linux ba. Mai shagon buga katin biki da kalanda, wanda abincinsa ke kan CorelDRAW, Windows ce ta dace da shi. Haka ɗalibin da ke gwajin jarrabawar JAMB ya fara tabbatarwa manhajar gwajin tasa za ta yi aiki.

Akwai kuma ChromeOS Flex ta kamfanin Google, wadda ta fito a 2022. Ba ta da nauyi, amma yawancin aikinta a kan intanet yake. Mutanen wannan yanki ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Bakori da Funtuwa da Malumfashi, aka yi watanni a haka. Wanda aikinsa ba ya jiran sabis ya zaɓi abin da ke aiki ko babu intanet.

Wa wannan ya shafa?

Ɗalibin da ke rubuta aikin kammala karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, kada ya bari a taɓa kwamfutarsa ana tsakiyar aiki sai yana da kwafi biyu. Mai sayar da taki da maganin feshi, ko ɗan kasuwar hatsi mai ajiye lissafin bashi a Excel, Home ta wadatar da shi, amma idan yana yawo da kwamfutar kasuwa-kasuwa, kullen BitLocker na Pro kariya ce ga sirrin kasuwancinsa. Ma'aikacin da ofis ya ba kwamfuta kuwa, ba tasa ba ce. Ya kai wa jami'in da ke kula da na'urorin ofishin, domin goge ta na iya raba ta da tsarin ma'aikatar.

Nawa zai ci?

Sauko da Windows daga shafin Microsoft kyauta ne, amma zai ci data kimanin gigabait 5 zuwa 6, ban da sabuntawar da za ta biyo baya. Idan lasisin Home na dashe a kwamfutarka, ba za ka biya kuɗin lasisi ba. Idan babu, farashin Microsoft a Amurka dala 139 ne na Windows 11 Home, na Pro kuma kimanin dala 199. Idan daga baya ka so komawa Pro daga Home, dala 99 ne. Tsohuwar lambar Windows 7 da ke manne a ƙarƙashin wasu kwamfutoci ba ta buɗe sabuwar Windows yanzu, domin Microsoft ta rufe wannan ƙofa a Satumbar 2023.

Sai ladan mai gyara, wanda ciniki ne tsakaninku, da kuɗin mota idan sai ka je Funtuwa ko Zariya, da yinin da za ka rasa wajen mayar da manhajoji. Kafin ka kashe wannan, ka tambayi farashin SSD da ƙarin ram a shago biyu ko uku. Idan nauyi ne damuwarka, nan kuɗinka zai fi yi maka aiki.

Me zan tambayi mai gyara?

Yawancin masu gyara mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, amma aiki ya yi musu yawa, kuma fomatin ya fi bincike sauri. Tambaya ba rashin yarda ba ce. Bayan gaisuwa ka ce: "Injiniya, wane lasisi ne a jikin allon nan, Home ko Pro? Windows ɗin da za ka saka, daga shafin Microsoft ka sauko da shi? Zai ci gaba da karɓar sabuntawa? Ka duba min ram da ma'ajiya kafin mu goge?" Idan an gama, kada ka tashi sai ya buɗe maka Activation ka gani da idonka cewa lasisi ya kama, ka gwada sauti da Wi-Fi, ka buɗe takardunka.

Idan lasisin kwamfutarka na Home ne aka ɗora mata wani abu, ka mayar da ita Home. Idan nauyi take yi, ka fara da ram da SSD da share ƙura. Idan ta tsufa har Windows 11 ta ƙi ta, ka gwada Linux daga filash kafin ka yanke hukunci. Kowace hanya ka ɗauka, ka fara kwashe kayanka.